Sama Ɗaya Ce, Me Ya Sa Manhajojin Taurari Ke Saɓa wa Juna?

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato. Babu gardama a kan wannan rana, tana cikin takardun gwamnati, waɗanda suka shaida ta ma suna nan da ransu. Amma wanda ya shigar da ita cikin manhajojin taurari guda biyu, ɗaya ƙirar Amurka ko Turai, ɗaya ƙirar Indiya, zai sha mamaki. Ta farko za ta ce rana tana cikin burjin Mizani a wannan yini. Ta biyu za ta ce tana tsakiyar Sumbula. To, idan ranar da ta faru jiya-jiya ta raba kan manhajoji haka, ina ga ranar da ta haura shekara ɗari biyu, zamanin Namoda da yaƙin Alƙalawa?

Matasa da yawa, daga Ɗan Isa zuwa Shinkafi da Zurmi, suna cin karo da irin wannan. Wani ya juya ranar haihuwar kakansa daga Hijiriyya zuwa Miladiyya, wani kuma yana son ganin yadda sama take a daren da aka haifi wani babban mutum na tarihi. Sai a ɗauki hoton fuskar waya a watsa a Facebook ko WhatsApp. Idan wani ya kawo nasa sakamakon daban, sai musu ya koma kan wace manhaja ta fi yawan masu saukewa a Play Store, ko wacce ake biyan kuɗi kafin a buɗe ta.

Wannan hanyar raba gardama ba ta da tushe. Ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk saɓanin da ake gani ya samo asali ne daga wasu shawarwari ƙalilan da maginin manhaja ya yanke a madadin mai waya, ya binne su cikin saiti, ko ma bai nuna su ba sam. Wanda ya san waɗannan shawarwari zai iya sasanta manhajoji biyu cikin minti goma. Wanda kuma ya watsa sakamako bai faɗi saitin da ya yi aiki da shi ba, jita-jita ya watsa, ko da kuwa ta zo da lambobi da zane mai kyau.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Irin waɗannan manhajoji suna yin aiki iri biyu da ya kamata a raba. Na farko lissafi ne, wato gano inda rana da wata da sauran taurari masu tafiya suke a wani lokaci, idan aka dube su daga wani wuri. Na biyu fassara ce, wato iƙirarin cewa wannan tsayuwa tasu tana faɗin halin mutum ko makomarsa. Na farkon ana iya gwada shi a tabbatar ko a ƙaryata. Za a zo kan na biyun a gaba.

Wajen lissafi, manhaja tana karɓar kwanan wata da sa'a da wuri. Sai ta narkar da kwanan watan da sa'ar su zama lamba ɗaya tak, ƙidayar kwanaki da masana falaki ke amfani da ita, wadda ta faro daga shekara ta 4713 kafin Miladiyya. Da wannan lamba take tambayar jadawalin tafiyar taurari. Manhajoji da dama suna dogara da Swiss Ephemeris, wanda wani kamfani na ƙasar Suwizalan ya gina a kan lissafin hukumar NASA. Stellarium, manhajar kallon sama ta kyauta, tana farawa da wani lissafi da masana falaki na Faransa suka fitar. Idan ana maganar ƙarni biyu ko uku da suka wuce, bambancin waɗannan jadawalai bai kai abin da ido zai iya gani ba.

Ke nan injin lissafin ba shi ne mai laifi ba. Matsalar tana bakin ƙofa, wurin da ake juya abin da mutum ya rubuta ya zama waccan lamba ɗaya. Idan manhajoji biyu suka fitar da lamba daban-daban, to lokuta biyu daban suke zanawa, kowacce kuma daidai take a kan lokacin da ta ɗauka.

Kalandar Hijiriyya ba guda ɗaya ba ce a cikin waya

Misali mafi kyau shi ne ranar haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a Maratta ta ƙasar Gobir, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar na shekarar 1168. Littattafan tarihi suna kawo ta a matsayin 15 ga Disamba 1754. Amma wanda ya rubuta 29 ga Safar 1168 a manhajojin juya kwanan wata zai ga wasu sun ba shi Lahadi 15 ga Disamba, wasu kuma Asabar 14 ga Disamba.

Dalili shi ne waya ba ta ganin jinjirin wata. Tana aiki ne da kalandar lissafi, inda ake ba wata na farko kwana 30, na biyu kwana 29, haka-haka har ƙarshen shekara, sannan a ƙara kwana ɗaya a Zulhajji sau 11 cikin kowace shekara 30. Wannan kalanda kuma ta kasu biyu tun daga tushe. Wasu sun fara ƙirga 1 ga Muharram na shekarar farko daga Juma'a 16 ga Yuli 622, wasu daga Alhamis 15 ga Yuli. Tazarar kwana ɗaya da ke tsakaninsu tana bin kowane kwanan wata har zuwa yau.

Ga kuma kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda wayoyi da yawa ke nunawa. Ita jadawali ce da aka tanada na wasu shekaru ƙayyadaddu. Wadda ke cikin harshen Java ta faro daga 1300 zuwa 1600, ta Microsoft kuma daga 1318 zuwa 1500. Shekarar 1168 tana wajen duka biyun. Idan aka tambayi manhaja shekarar da ba ta cikin jadawalinta, wata za ta ƙi amsawa, wata kuma za ta koma kalandar lissafi shiru, ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Alhali mutanen Gobir da Zamfara na wancan zamani da ido suke ganin wata. Ko a yau, da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kwamitin duban wata da rediyo da wayar salula, akan samu shekarar da Najeriya da Nijar suka ɗauki azumi ko suka yi salla a ranaku daban. Babu dalilin zaton cewa garuruwan da ke nesa da juna a 1754 kullum rana ɗaya suke fara wata.

Abin da ke raba wannan gardama shi ne sunan ranar mako. Malaman da suka rubuta tarihin Shehu sun ce Lahadi, kuma jerin kwanakin mako bai taɓa yankewa ba, ko wace kalanda ake bi. Lahadin da ta dace da ƙarshen Safar 1168 ita ce 15 ga Disamba. Manhajar da ta ce Asabar ba ta lalace ba, reshen Alhamis take bi, sai a matsar da ita kwana ɗaya. Akwai kuma shaida ta biyu. Tunda ƙarshen wata ne, duk manhajar kallon sama da aka saita a wannan rana dole ta nuna wata daf da rana. Idan ta nuna shi cikakke a tsakiyar dare, an shigar da wani abu ba daidai ba.

Bambancin kalanda yana shafar har shekarun mutum. Shehu ya rasu ranar 20 ga Afrilu 1817, daidai da 3 ga Jimada Sani 1232. A lissafin Miladiyya shekararsa 62, a na Hijiriyya 64. Wanda ya ga lambobin biyu a shafuka daban ya ce ɗaya ƙarya ne, bai lura ba ne cewa shekara 33 ta wata kusan daidai take da shekara 32 ta rana.

Ita ma Miladiyyar tana da nata tarko. Kalandar da ake bi yau ta fara aiki a Oktoba 1582, lokacin da aka tsallake kwana 10. Ingila ba ta karɓe ta ba sai Satumba 1752, inda ta tsallake kwana 11. Stellarium tana komawa tsohuwar kalandar Juliyas da kanta idan aka wuce 1582 zuwa baya, yayin da harsunan gina manhaja irin su Python da JavaScript ke jan sabuwar kalanda baya har inda aka so. Don haka kwanan wata daga zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zai iya bambanta da kwana 9 tsakanin manhajoji biyu.

Daren Juma'a da agogon Legas

Ko an daidaita kwanan wata, saura sa'a. Bahaushe ya san daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta yini, domin a lissafin Musulunci kwana yana farawa ne daga faɗuwar rana. Waya kuwa da ƙarfe 12 na dare take juya kwana. Idan tsohuwar takarda ta ce an haifi yaro daren Lahadi bayan lisha, a kalandar waya Asabar ce da daddare. Mai shigar da bayani da ya zaɓi Lahadi ƙarfe 9 na dare ya yi kuskuren sa'a 24 cif, wata kuma ya riga ya yi tafiyar kusan digiri 13 a cikin wannan tazara.

Sannan mutanen da ba su auna lokaci da minti ba. Suna cewa da asuba, da hantsi, da walaha, bayan la'asar, da almuru. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya ɗaukar sa'a guda ko biyu. Duniya kuwa tana juya digiri ɗaya a kowane minti 4, don haka burjin da ke hudowa daga gabas, wanda masu hisabi ke kira ɗali'i, yana sauyawa kusan duk bayan sa'a biyu. Idan aka bar gurbin sa'a babu komai, wata manhaja za ta saka 12 na rana, wata 12 na dare, sannan kowacce ta zana hoto mai lambobi har da ɗigo, kamar an tsaya da agogo a ɗakin haihuwa.

A ce ma an san sa'ar. Agogon wa? Agogon Najeriya da Nijar na yau yana gaban GMT da sa'a ɗaya, amma Najeriya ba ta hau wannan agogo ba sai 1 ga Satumba 1919, shekara goma kafin layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929. Kusan duk wayoyin Android da iPhone suna karanta tarihin agogo daga ma'adanar bayanai guda ɗaya, wadda ta ajiye Najeriya baki ɗaya ƙarƙashin sunan Legas. A cikinta, duk abin da ya gabaci 1905 ana ba shi lokacin ranar Legas, wato minti 13 da daƙiƙa 35 gaban GMT. Ƙaura Namoda kuwa tana wajen digiri 6.6 gabas, don haka lokacin ranarta minti 26 ne gaban GMT.

A ɗauki farkon Oktoban 1808, cikin Sha'aban 1223, lokacin da rundunonin Muhammadu Bello, har da ta Namoda daga Zamfara, suka ci Alƙalawa aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Wanda ya rubuta 12 na rana a yankin Ƙaura cikin wannan shekara zai iya samun amsa uku. Manhajar da ta bi ranar wurin za ta ɗauka 11:34 ne a agogon GMT. Wadda ta bi Legas za ta ce 11:46. Wadda ta manna agogon yau za ta ce 11:00. Tazarar minti 46 ce, fiye da digiri 11 na juyawar sama.

Ita kanta ma'adanar ana gyara ta. A ƙarshen 2020 aka gyara bayanan Najeriya na tsakanin 1905 da 1919. Ke nan manhaja ɗaya tana iya ba da amsa biyu a wayoyi biyu, idan ɗaya ta daɗe ba a sabunta ta ba. Masu kula da ma'adanar ma sun fito fili sun ce alkawarinsu ya fi ƙarfi a kan abin da ya biyo bayan 1970.

Wace Ɗan Isa?

Wuri ma yana kawo nasa. Akwai Ɗan Isa ta Ƙaura Namoda, akwai kuma Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, can kusa da iyakar Jibiya. Akwatin bincike na manhaja ba ya tambaya, wadda ta fara fitowa a jerinsa ita yake ɗauka. Wani lokaci ma ƙugiyar harafin ɗ ko ƙ kaɗai ta isa ta sa ya kasa gano gari, sai mai waya ya gaji ya zaɓi Gusau ko Sakkwato. Garuruwan da suka zama kufai, irin su Alƙalawa, sai an nemo lambobin wurinsu a taswira an rubuta da hannu.

Tazarar da ke tsakanin Ɗan Isa biyu ba ta da yawa a sama, 'yan mintoci ne. Haɗarin yana wajen tsallake iyaka. Tsohon bayanin Yamai a waccan ma'adana ya nuna birnin yana kan agogon GMT har zuwa 1960, alhali sabon tsari ya haɗa Nijar da Legas. Ga wanda aka haifa a 1950, zaɓen garin da ba shi ba zai iya jawo bambancin sa'a guda, gwargwadon wane tsari manhajar ta ɗauko.

Inda lissafi ya ƙare

Yanzu a koma kan Mizani da Sumbula. Ko an daidaita kalanda da agogo da wuri, wannan saɓanin ba zai gushe ba, domin ba daga kuskure ya fito ba. Manhajojin Yamma suna fara ƙirga buruji goma sha biyu daga inda rana take a ranar da dare da yini suke daidaita, wajen 20 ko 21 ga Maris. Na Indiya suna ɗaure burujin da taurarin da ke sama kai tsaye. Kusan shekara 1,700 da suka wuce, ma'aunan biyu a wuri ɗaya suke. Amma duniya tana layi a hankali kamar katantanwar da yara ke murzawa, tana gusawa digiri ɗaya a kowace shekara 72, sai ta yi kusan shekara 26,000 kafin ta kammala zagaye. Yau tazarar ta kai kusan digiri 24, alhali faɗin kowane burji digiri 30 ne. Shi ya sa yawancin mutane suke samun burji biyu daban idan suka gwada tsarin biyu.

Masana falaki kuma suna da nasu iyakokin taurari da aka tsayar a 1930, inda rana ke ratsa rukuni 13, har da wanda Larabawa ke kira Hawwa'u, mai riƙe da maciji. A kan wannan ma'auni, ranar da aka ƙirƙiro Zamfara rana tana gaban taurarin Sumbula.

Bayan buruji akwai abin da masu wannan sana'a ke kira gidaje, su ma goma sha biyu. Hanyoyin yanka su sun haura goma, irin su Placidus da Porphyry da tsarin ba kowane burji gida guda. Tauraro ɗaya yana iya faɗawa gidan dukiya a wannan manhaja, ya faɗa gidan rashin lafiya a waccan. Babu na'urar hangen nesa da za ta ce ga mai gaskiya, domin babu wani layi a sama da za a je a auna.

Wannan shi ne abin da saɓanin manhajoji ke koyarwa, idan aka bi shi har ƙarshe. Duk inda lissafi yake, ana iya sasantawa har amsoshi su zo ɗaya. Inda aka shiga faɗin hali da makoma, babu abin da za a sasanta da shi. A 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin da Shawn Carlson ya yi, inda aka nemi ƙwararrun masu duba taurari su haɗa zanen haihuwa da bayanin halin mai shi. Ba su fi mai canki-canka samun daidai ba.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da shata wannan layi. Sanin taurari don gane alƙibla da lokacin salla da shigowar damina abu ne karɓaɓɓe. Har yau akwai manoma da ke bin masaukan wata 28, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, suna ambaton Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, suna kuma lura da Kaza da 'ya'yanta. Ƙasar nan ta fitar da masani irin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi suna a lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma iƙirarin sanin gaibu ta hanyar taurari, Shehu ya yi kakkausar suka a kansa a littafinsa Nurul Albab. Don haka wanda ya ɗauki ranar haihuwar Shehu ya zana mata hoton duba, ya yi amfani da sunansa wajen abin da shi da kansa ya hana.

To, mene ne abin damuwa a kwana ɗaya?

Wani zai ce ai wasa ne, 14 ko 15 ga Disamba ba zai hana kowa cin tuwo ba. Akwai gaskiya a ciki idan abin ya tsaya a wayar mutum. Amma ba ya tsayawa. Kwanan watan da aka watsa yau, gobe wani ya saka shi a Wikipedia ta Hausa, jibi ɗalibi ya kwafa a aikin makaranta, daga nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira su haɗiye shi su riƙa maimaitawa da cikakken ƙarfin gwiwa. Tarihin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura bai yi yawa a intanet ba, don haka kuskure ɗaya yana iya zama shi kaɗai ne abin da mai bincike zai samu.

Abin ya fi kusa da haka ma. Iyaye da yawa sun riƙe haihuwar 'ya'yansu ne da watan Musulunci, a ce cikin azumi, ko bayan babbar salla da kwana uku. Idan aka zo cika takardar makaranta ko rajistar NIN ko BVN, sai a juya da manhajar da ta zo hannu. Wanda ya juya da wata manhaja a bana, ya sake juyawa da wata a baɗi, zai iya tashi da ranakun haihuwa biyu a takardunsa, gyaran wannan kuwa kowa ya san wahalarsa.

Akwai kuma batun sirri. Manhajar duba tana neman cikakken suna da ranar haihuwa da garin haihuwa, abubuwan da banki ke tambaya don tabbatar da mai asusu. Miƙa su ga manhajar da ba a san mai ita ba, don ta faɗi abin da wata manhajar za ta ƙaryata, ciniki ne na asara.

Wani kuma zai ce ai wadda ake biya ta fi inganci. Kuɗi yana iya sayen jerin garuruwa mai yawa da zane mai kyau. Ba zai sayi sa'ar da babu wanda ya rubuta ta a 1808 ba.

Yadda ake sasanta manhajoji biyu

Da farko a gwada manhajar da abin da jama'a suka gani da idonsu. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, an yi cikakken husufin rana da ya ratsa yankin Gusau da Katsina da Maraɗi. A saita wuri a Gusau, a saka wannan rana, a matsar da agogo a hankali. Manhaja mai kyau za ta nuna wata ya rufe rana. Idan ba ta nuna ba, ko ta nuna da bambancin sa'a guda, to saitin agogo ko na wuri ya karkace. Wannan ranar ma tana tona wane reshen Hijiriyya manhaja ke bi, domin wata za ta ce 28 ga Safar 1427, wata ta ce 29.

Na biyu, a koma asalin bayanin. Me tsohuwar takarda ko dattijon gida ya faɗa da bakinsa? Idan akwai sunan ranar mako, shi ne alƙali. Idan an ce dare, a tuna dare yana gaban yininsa.

Na uku, a daina rubuta sunan gari, a rubuta lambobin wurin daga Google Maps ko OpenStreetMap, iri ɗaya a manhajojin biyu.

Na huɗu, a juya lokacin zuwa GMT da hannu. Ga duk abin da ya gabaci zuwan Turawa, a ninka digirin gabas na wurin sau 4, a cire mintocin daga lokacin ranar wurin. Sai a duba lambar ƙidayar kwanaki da kowace manhaja ta nuna. Idan lambobin sun zo ɗaya, matsayin rana da wata zai zo ɗaya.

Na biyar, idan har yanzu akwai tazarar kusan digiri 24 a komai da komai, ko digiri 20 zuwa 21 idan zamanin jihadi ake dubawa, to ma'aunin buruji ne ya bambanta. A nan babu abin gyarawa, sai dai a faɗi wanda aka bi.

Na ƙarshe, idan ba a san sa'a ba, kada a ƙirƙira ta. A ce tsakanin kaza da kaza. Amsar da ta ce Asabar ko Lahadi, an fi rinjayar da Lahadi saboda kaza, ta fi daraja a kan wadda ta zo da minti da daƙiƙa ba tare da madogara ba.

Kira ga magina manhaja na gida

Mafi yawan wannan ruɗani zai ragu da magina manhaja suna nuna abin da suka ɗauka a fili. Layi ɗaya a ƙasan sakamako ya isa: an bi kalandar lissafi reshen Juma'a, an bi lokacin ranar wurin, kuskure zai iya kaiwa kwana ɗaya ko biyu. Kamfanonin waje ba lallai su yi wa Zamfara wannan ba, domin ba su san daren Juma'a ba, ba su san walaha ba, ba su san Ɗan Isa biyu ce ba.

Matashin da ya iya JavaScript ko Python zai iya gina wannan da kayan kyauta. Shafi ne ƙarami da zai karɓi kwanan wata na Hijiriyya da sunan ranar mako, ya fitar da ranakun Miladiyya da suka dace, ya bar mutum ya zaɓi asuba ko hantsi ko la'asar maimakon tilasta masa minti, ya kuma gane ɗ da ƙ da ɓ a sunayen garuruwa. Irin wannan zai amfani malamin tarihi da ɗalibi da mai cike wa mutane takardu a shagon kwamfuta a Ƙaura ko Shinkafi. Kafin a samu wanda zai gina shi, duk wanda aka turo wa hoton sakamako yana da tambayoyin da zai yi kafin ya tura gaba: wace kalanda aka bi, agogon ina, kuma wa ya ce da wannan sa'ar aka yi abin?